Cikin Mai Tattasai

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Nyanya cikin ɗaki da falo, babban ɗana bai daɗe da fara tafiya ba, maigidana ya dawo gida da rana tsaka. Wannan kaɗai ya isa ya tayar min da hankali, domin wanda ke aiki a cikin gari ba ya dawowa Nyanya da azahar sai in ba lafiya. Ya shigo da kwali a hannu, cike da tsofaffin jaridu, a sama kuma ga kofin shayinsa na ofis. Ina ganin kofin nan na san magana ta ƙare.

Na ce, "Korar ka aka yi?"

Ya ce, "Ni na ajiye da kaina."

Na ce, "Ai gara a ce korar ka aka yi, da na san abin da zan gaya wa mutane."

Ɗan jarida ne, ya daɗe yana yi wa wata jarida aiki. Ya zaunar da ni ya yi min bayani cewa yanzu mutane sun daina sayen takarda, kowa kansa na cikin waya, don haka zai buɗe tasa jaridar a intanet. Na tambaye shi ina ofishin yake. Sai ya nuna min teburin da nake jera kulolin abinci.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Hausa ina karantawa a hankali, Turanci kuwa sai na asibiti da na kasuwa. Abin da Allah ya ba ni da yawa shi ne fargaba. Idan yaro ya yi tari sau ɗaya, na riga na hango mu a gadon asibiti. Idan maƙwabci ya sauya kwaɗon ƙofarsa sai na lura, in yini ina tunanin dalili. To ku auna halin da mace irina za ta shiga, ga yaro ƙarami, ga miji ya mayar da teburin kuloli kamfani.

Shi ne edita, shi ne ɗan rahoto, shi ne mai hoto, shi ne masinja. Zanen gadona na aure, wanda nake ta adanawa ban taɓa shimfiɗawa ba, shi ya kafa a bango da ƙusa huɗu don ya riƙa zama a gabansa yana karanta labarai a bidiyo. Aikina a kamfanin shi ne in goya yaro in zagaya bayan gida har a gama ɗauka. Duk da haka, in kun samu bidiyoyinsa na farko, ku kasa kunne: akwai sakwarar da ake dakawa a ɗakin kusa, akwai mai ruwa yana buga jarka, akwai kuma wani zakara da ya tsani labaran siyasa.

Yana da wata doka da ya taho da ita daga tsohon wurin aikinsa: ba ya sa labari sai ya same shi daga bakin mutum biyu. Kafin ya gama neman na biyun, sauran shafuka sun sa, an karanta, an yi zage-zage, an watse. Masu karanta nasa, in aka cire ni da ƙannensa, ba su cika bas ɗaya ba. Ni ɗin ma dannawa kawai nake yi don ya ga an shiga.

Bayan wata biyar ya ce min, in babbar Sallah ta zo abin bai tashi ba, za mu tattara mu koma ƙauyensu ya kama noma da yayansa. Ya ce, "Ba ni da ofis, ba ni da mota, ba ni da oga. Suna kawai nake da shi. Ranar da na sa ƙarya sau ɗaya, shi ma ya tafi." Na gyaɗa kai kamar na gamsu, amma a zuciyata cewa nake, bawan Allah, suna ba ya shiga tukunya, ka riƙa saurin nan da kowa ke yi mana.

Saura kamar sati uku Sallah, wata Talata, ya tafi unguwar Gudu ganin wani abokinsa. Da la'asar ina wanke-wanke sai na ji unguwa ta ɗauki wani irin motsi. Mata na gudu ɗauko yara daga Islamiyya, ana jan ƙofofin shaguna. Kafin in tambayi kowa, waya ta yi ƙara. Shi ne.

"Kina ina?"

"Gida."

"Kulle ƙofa. An ce rikici ya tashi a ƙaramar kasuwar nan ta hanyar Karu, an farfasa rumfuna. Ina cikin bas, cunkoso ya riƙe mu, ko motsi ba ma yi."

Kasuwar da nake cefane ke nan, tafiyar minti ashirin daga gidanmu. Hausawa ne a ciki, da Gwarawa, da mutanen Filato, da Inyamurai, kowa da rumfarsa. Irin wurin da in aka ce rikici, ba sai an yi wa kowa bayanin abin da ake nufi ba.

Ya ce, "Shafuka uku sun riga sun sa. Mutum biyu sun turo min hoton, kin ga doka ta cika. Na rubuta, dannawa ta rage. Unguwata ce, wannan karon ba za a bar ni a baya ba. Ga hoton nan na turo miki."

Abin da na fara yi shi ne kuka. Na kulle ƙofa, na jawo turmi na tokare ta, kamar turmi zai tare wani. Sannan na zauna a ƙasa na buɗe hoton. Kasuwarmu ce, ba shakka. Rumfuna a kwance, kwanon rufi a lanƙwashe, kaya a warwatse, mutane hannu a ka. Na sa yatsu na buɗa shi ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, don in san waɗanda zan fara yi wa kuka.

Can gefe na hango mai tattasaina. Matar da kullum a wurinta nake saye. Tana tsaye hannu biyu a ka, ɗankwali ya zame, ga ciki a gaba haihuwa yau ko gobe. Na ce Allah sarki, baiwar Allah, ga tashin hankali ga tsohon ciki.

Sai kukan ya tsaya cak.

Wane ciki? Shekaranjiya na sayi tattasai a wurinta, cikinta a shafe kamar faranti. Ciki ɗaya na santa da shi tun da na zo Nyanya, kuma cikin nan ya daɗe da zama mutum. Yana tafiya, yana magana, satin da ya wuce ma ya ciji ɗana a kafaɗa a kan ƙosai.

Na ƙara buɗa hoton. A ƙasa ga tiren mangwaro a kife. Mu kuwa lokacin muna tsakiyar masara, rabon da in ga mangwaro an yi watanni. Ga wata mata sanye da atamfar da aka yi yayi shekarar da aka kawo ni, wadda yanzu sai dai a yi tsumma da ita.

Nan take na kira shi. Na ce, "Baban yaro, kada ka danna."

"Me ya faru?"

"Mai tattasai tana da ciki."

Ya ce, "Allah ya raba lafiya. Don wannan kika kira ni?"

"A hoton take da ciki! A kasuwa ba ta da shi. Hoton nan tsoho ne."

"Ƙila ƙanwarta ce."

"Ƙanwarta doguwa ce, kuma gwanjo take sayarwa. Ga mangwaro ma a ƙasa."

"Ke, mangwaro ba shaida ba ne."

"To mutum biyun naka, sun je sun gani ne, ko su ma turo musu aka yi?"

Ashe wayar tasa a buɗe take saboda hayaniya, duk bas ana ji. Sai na jiyo muryar wani dattijo yana cewa, "Malam, ka saurari iyalinka, maganar ciki ba fanninmu ba ce." Wani kuma daga baya ya ce, "Oga ka sa kawai, kowa ya sa!" Wata mata ta ce ita ma ta ga mangwaron. Kafin ka ce me, bas ta rabu biyu a kan cikin matar da ba wanda ya taɓa gani.

Ya rage murya ya ce, "Ko da gaskiyarki, ba zan rubuta cewa matata ta ce mai tattasai ta haihu ba. Sai da abin da za a nuna wa mutane."

Na ce, "Ba ni rabin awa."

Ya ce, "Rabin awa a intanet shekara ce. Kuma ki ji ni da kyau, kada ki…"

Sabis ya ɗauke.

Tsakanina da Allah na san ƙarshen maganar. Amma na zauna na ce wa kaina, ai tana iya yiwuwa "kada ki daɗe" zai ce. Na kawar da turmi, na goya yaro, na yafa mayafi.

A tsakar gida na ci karo da maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Filato da muke kira Mama. Ita kuma Amarya take ce min har bayan na haihu, kuma a Hausarta mace da namiji duk "ka" ne.

"Amarya, ina za ka da yaro?"

"Kasuwa, Mama."

"Ka haukace? Ba ka ji ana faɗa ba?"

Na nuna mata hoton, na nuna mata cikin. Ta kawo wayar kusa da hanci, ta kai ta nesa, ta ce, "Kai! Wannan ba uwar yaron nan mai cizo ba ne?" Na ce ita ce. Ta ɗaure zani ta ce, "To ba za ka je ka mutu kai kaɗai ba, me zan gaya wa oga naka? Tsaya in ɗauko muciya."

Haka muka fita, ni da goyo, ita da muciya a kafaɗa. Duk wanda muka gamu da shi baya yake yi, mu kaɗai muke gaba. Wani Bakatsine mai shago yana rufe ƙofa ya ce, "Hajiya, ina za ku? Ana can ana ta yi!" Na ce, "Ka gani?" Ya ce, "Ƙwarai kuwa, da idona, a waya."

Kada ku ɗauka jarumta ce ta kai ni. Duk taku goma sai na ce, yanzu in na yi kuskure fa? In wani sabon ciki ne da ban lura ba? In na kai ɗan mutane cikin masifa saboda mangwaro? Duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga banɗaki. Mama na gefe tana nata roƙon da yarensu. Amma da na tuna ƙauye, na tuna mutumin nan a cikin bas da yatsa a kan waya, sai in ƙara sauri.

Muka sha kwana, kasuwa ta bayyana.

Akuya na cin ganyen kabeji. Mai nama na korar ƙuda. Rediyon mai kaset na ta waƙa. Rumfuna na tsaye ƙyam, ko ƙusa ba ta faɗi ba. Abin da kawai ya sauya shi ne kusan kowane ɗan kasuwa waya ce a kunnensa, 'yan'uwa na ta kira daga garuruwa suna sanar da su cewa an tarwatsa kasuwarsu. Wasu har sun fara haɗa kaya, wai tunda an faɗa a waya ƙila abin na tafe.

Mai tattasai na zaune a kan bencinta tana ɗaga murya: "Yaya, na ce maka ina raye! To da wa kake magana?" Ta kashe, ta dube mu, ta dubi muciya. "Kwastoma, lafiya? Tuwo za ku tuƙa mana?"

Na miƙa mata hoton. Ta duba, ta saki salati, sannan ta fashe da dariya. Ta ce, "Ranar iskar nan ce! Ruwan farko, shekara biyu da wani abu, da iska ta kwashe mana rumfuna. Kwana huɗu bayan nan na haifi wannan ɗan rigimar." Sai kuma dariyar ta ɗauke, ta ɓata rai. "Amma duk hotunana na duniya a rasa wanda za a yaɗa sai wannan? Dubi ɗankwalina. Dubi hancina yadda ya buɗe."

Na ce ta bari in ɗauke ta a bidiyo. Ta ce sai ta gyara ɗauri.

Ban taɓa ɗaukar bidiyo ba a rayuwata. Na danna inda na ga yana dannawa, na fara magana ina juyawa da waya. Na yi kusan minti ɗaya ina nuna wa duniya kasuwa, ashe ƙofofin hancina nake ɗauka. Mama ce ta leƙo ta ce, "Amarya, kai ne a ciki, ba kasuwa ba." Mai kaset ya zo ya juya mana ita.

Na sake farawa, ina haki. Abin da na faɗa, har yau akwai masu kwaikwayona da shi: "To ga kasuwa nan, yau Talata, la'asar. Ba abin da ya faru. Ga mai nama. Ga masara, kun gani, ba mangwaro. Ga mai tattasai, tashi su gan ki, juya gefe. Kun ga ba ciki. Ga cikin can yana wasa da ƙasa. Kai! Sake masa kunne!" Domin na sauke ɗana kusa da nata, kuma ba su ɓata lokaci ba suka ci gaba daga inda suka tsaya.

Tura masa bidiyon ma wani aiki ne. Sai da na hau benci na ɗaga waya sama, Mama na riƙe da ƙafata, 'yan kasuwa sun kewaye mu suna kallon 'yar da'irar nan ta waya tana juyawa. Da ya tafi, aka yi tafi kamar an ci ƙwallo.

Ba a jima ba ya kira. Har lokacin bas ɗinsu na cikin cunkoson nan. Bai danna ba. Ya ce sau uku yatsansa na sauka yana janyewa, na bayan nan na ta zuga shi, dattijon kuma ya riƙe masa hannun riga. Ya goge labarin da ya rubuta, ya sa bidiyona yadda yake, da hakin da komai, ya rubuta a sama cewa babu rikici, hoton na tsohuwar iska ne. Hancina kawai ya yanke, Allah ya saka masa da alheri.

Kafin magariba bidiyon ya zagaye Nyanya da Karu ya wuce. Shaguna suka buɗe. Bakatsinen nan da muka dawo ya tare mu ya ce, "Hajiya, ashe ƙarya ce, yanzu na gani a waya." Sauran shafukan kuwa, ɗaya bayan ɗaya suka cire nasu shiru, ba wanda ya ce uffan.

Da ya iso gida na kawo abinci na koma gefe ina jiran faɗa. Ya ce, "Cewa na yi kada ki fita." Na ce, "Sabis ne." Ya dube ni, na dubi tabarma. Ya ci loma uku, sannan ya ce, "Dokata ta cika, amma da na sa ƙarya. Gobe za ki zauna ki nuna min yadda kike kallon hoto."

Daga ranar abin ya fara tashi. Ba wai a dare ɗaya ba, amma sai ya zama in wani labari ya ɓulla, mutane su ce bari mu ga ko mutumin Nyanya ya sa, in bai sa ba a dakata. Jinkirin nan nasa da nake jin haushi, shi ya zama abin da ake zuwa nema. Sallah ta zo ta wuce, ba wanda ya ƙara ta da maganar ƙauye. Yanzu yana da ofis na gaske a cikin gari, da matasa masu digiri suna masa aiki. Amma har gobe, in hoto ya shige musu duhu, sai in ji waya ta yi ƙara ina tsakiyar girki: "Duba mana wannan." In duba takalman mutane, in duba ganyen bishiya, in duba abin da ke kan tire, in ce wannan ba na bana ba ne.

Na daɗe ina ɗaukar halina ciwo. Wannan yawan lura da komai, da kasa barin abu ya wuce, na sha roƙon Allah ya yaye min. Bai yaye ba, har yanzu tari ɗaya na hana ni sukuni. Amma na daina jin kunyar cewa ban yi boko ba idan ana magana a gabana. Wanda ya je kasuwa kullum yana kallon mutane, shi ma wani karatu yake yi, sai dai ba a ba shi takarda.

Kuma na san inda na gado shi. Kwana biyu bayan abin, ina cikin jin daɗin yabo, mahaifiyata ta kira daga gida. Wani ya kai mata bidiyon. Na gyara zama ina jiran ta ce ta yi alfahari da ni.

Ta ce, "Ke ce kike haki haka duniya na ji?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

Ta ce, "To ina takalmin yaron nan ɗaya?"

Na koma na buɗe bidiyon. Ga ɗana nan a tsakiyar kasuwa, ana ja masa kunne, ƙafar dama da takalmi, ta hagu ba komai. Dubban mutane sun kalla suna duba cikin mai tattasai, ni kaina na kalla ya fi sau ashirin, ba wanda ya gani sai ita. Yaron yanzu ya fi ni tsawo, amma har yau in an kunna bidiyon nan ana dariya, ni ƙafar nan kawai nake kallo, ina tunanin a ina ya faɗi, kuma ko akwai ƙusa a hanyar.